In 'yan sanda sun zo caje: ƙofar gida, kan hanya da wayar hannunka

Shekarun baya aka buga ƙofar wani maƙwabcinmu wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, mutum biyar, uku da kaki biyu ba kaki, suka ce bincike suka zo yi. Bawan Allah ya fito daga shi sai gajeren wando yana rawar jiki, bai tambayi takarda ba, bai tashi kowa a layin ba, suka shige har ɗakin matarsa suka zazzage akwatuna suka fita da waya biyu da kuɗin da ya ce cinikin sati guda ne na shagonsa. Washegari da muka raka shi caji ofis aka buɗe littafi aka ce waya ɗaya aka kawo, kuɗi kuwa babu ma wanda ya san da zancensu. Ba shaida, ba takarda, bakinsa ne da nasu. Tun daga ranar na zauna na karanta abin da doka ta ce, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne kusan duk abin da zai cece shi a daren yana rubuce, shi dai bai sani ba.

Tushen maganar sashe na 37 ne na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ce sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganar da yake yi a waya duk an kare su. Mu wannan ba baƙon abu ba ne, tun muna yara muke ganin "ba shiga" a jikin zaure, kuma aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. To amma sashe na 45 na kundin ya bar ƙofa, ya ce ana iya yin doka da za ta rage wannan haƙƙin saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu. Ta wannan ƙofar dokokin bincike suka shigo, manyansu biyu ne: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da ake kira ACJA, da dokar 'yan sanda ta 2020 da Buhari ya sa wa hannu. ACJA ta tarayya ce da Abuja, jihohi kuma kowa ya yi tasa, Kaduna a 2017, Kano a 2019, yawanci kwafin juna ne da ɗan bambanci a lambobin sashe, saboda haka lambobin da zan kawo na ta tarayya ne, ka nemi ta jiharku ka gwada.

Kafin mu shiga matakan akwai abu ɗaya da nake so ya zauna maka a kai, don shi ne dalilin duk sauran. Mutane na kallon finafinan Amurka su ga lauya ya miƙe ya ce an yi bincike ba waranti, wato takardar izinin kotu, alƙali ya yi watsi da shaidar, wanda ake tuhuma ya tafi gida. A can haka ne, tun hukuncin kotun ƙolinsu na 1961 ya zama dole a kan jihohi. Mu nan ba haka abin yake ba. Tun 1968 a shari'ar Musa Sadau kotun ƙolin Najeriya ta ce ko da an kauce wa ƙa'ida wajen binciken, in abin da aka samo yana da alaƙa da shari'ar ana iya karɓarsa, sannan dokar shaida ta 2011 a sashe na 14 da 15 ta bar wa alƙali ya auna, ya duba muhimmancin shaidar da girman laifin da kuma munin karya dokar da jami'in ya yi da ko da gangan ya yi, in ya ga dama ya karɓa in ya ga dama ya ƙi. Kaga kenan duk abin da aka ce an samu a ƙarƙashin gadonka, ko naka ne ko jefa maka aka yi, akwai yiwuwar ya bi ka har gaban alƙali. Don haka kariyarka ta gaske a wajen binciken take, a idon shaidu da takardar da aka rubuta a lokacin, ba sai an je kotu ba.

Matakin farko, a bakin ƙofa

Kar ka wangale ƙofa, kuma kar ka ƙi amsawa. Ka yi magana ta bayan ƙofa ko ta taga, ka tambaya su waye, daga wane ofis, wa suke nema. A wannan zamani da ɓarayi da masu garkuwa ke sa kaki wannan tambayar ba raini ba ce, kuma ɗan sanda na gaske ya san haka. Tun kana wannan maganar wani a gidan ya kira mai unguwa ko liman ko maƙwabci biyu a waya, in kana da lambar DPO na yankinku a kira a tabbatar da su ne. Yanzu ne lokacin ajiye waɗannan lambobin, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ka fito da ladabi ka ce, "Yallabai sannunku da aiki, don Allah in ga katin shaida da takardar kotu." Ka riƙe ta ka karanta, ko ka sa wanda ya iya ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Abin da za ka duba: sa hannun alƙali ko majistare ko jami'in sulhu da doka ta ba wannan ikon, sunan kotun, adireshin gidan, da abin da aka ce a nemo. Sa hannun DPO kaɗai ba waranti na kotu ba ne. Shi waranti ba a bayar da shi sai jami'i ya je ya yi rantsuwa a rubuce cewa akwai dalili mai ƙarfi na zaton akwai kayan laifi ko shaidar laifi a wurin, sashe na 144 na ACJA kenan. In takardar ta ce gida mai lamba kaza a layi kaza kai kuma naka daban ne, ka nuna musu a gaban mutane. In gidan haya ne mai ɗakuna goma kuma sunan mutum ɗaya da ɗakinsa aka rubuta, ba lasisin shiga ɗakin kowa ba ne.

Abubuwa biyu da ake yawan yaɗawa a WhatsApp ba daidai ba. Na farko wai ba a bincike da dare. Tsohuwar dokar kudu ce ta ce daga biyar na asuba zuwa takwas na dare, amma sashe na 148 na ACJA ya ce kowane lokaci kowace rana har Lahadi da ranar hutu, saboda haka kar ka tsaya gardamar agogo sai in ka tabbatar dokar jiharku ta faɗi haka. Na biyu wai waranti na lalacewa bayan kwana kaza, a ACJA yana nan da ƙarfinsa har sai an zartar da shi ko kotun da ta bayar ta soke. Amma in an riga an yi binciken da shi an gama, ba a dawo da shi bayan wata biyu a ce za a sake.

In takardar ta cika, ka ba su hanya. Doka ta ba su ikon fasa ƙofa in ka hana, kuma hana jami'i aikinsa laifi ne mai zaman kansa da za a ƙara maka a kai.

Mataki na biyu, kafin ƙafarsu ta wuce zaure

Nan ne wurin da maƙwabcin nan nawa ya yi asara, kuma nan ne ya kamata ka fi dagewa. Sashe na 149 ya ce a yi binciken a gaban shaidu biyu sai in kotu ta ce ba sai da su ba saboda yanayin shari'ar, kuma ana iya kawo shaida daga unguwa. Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa, tsohuwar dokarmu ta shari'ar laifuka da ake kira CPC ma cewa ta yi a yi shi gaban mutum biyu masu mutunci daga maƙwabta. Sashe na 150 kuma ya ba mai gida ko wakilinsa damar tsayawa a wajen binciken. Saboda haka in an ce maka "zauna a nan waje kar ka motsa" su kuma su shige su kaɗai, ka faɗa a fili, ba da tsawa ba, cewa kana so ka bi su kai da shaidunka kamar yadda doka ta ce.

Sai maganar iyali. Dokar ta san da kulle, ta faɗa ƙarara cewa in ɗakin na mace ce wadda bisa al'ada ko addini ba ta fita bainar jama'a, kuma ba ita ake nema ba, dole a sanar da ita a ba ta dama ta kimtsa ta fice kafin a shiga. Wallahi mutane da yawa ba su san akwai wannan a dokar boko ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe akwai iyali a ciki, a ba su minti biyu su sa hijabi su koma ɗaki ɗaya." In kuma za a laluba jikin mace, mace ce za ta yi, in babu 'yar sanda a tare da su ana iya kai ta ofis a yi a can, ka bi ta ko ka haɗa ta da wani.

Akwai abin da lauyoyi ke ba da shawara, ka roƙi waɗanda za su shiga su nuna aljihunsu da hannunsu a gaban shaidu kafin su shiga. Al'adar aiki ce da aka sani don kauce wa zargin jefa wa mutum ƙullin wiwi ko harsashi, wasu jami'an da kansu suke ɗaga hannu su ce a duba su, wasu kuma su ji haushi. Ka nema cikin lalama, in sun ƙi kar ka mai da shi faɗa, shaidunka dai sun ji ka nema an ƙi. Sannan ka roƙa a bi ɗaki ɗaya bayan ɗaya, don in mutum biyar suka watsu a ɗaki biyar idonka biyu ne kawai.

Mataki na uku, takardar kaya

Duk abin da aka ɗauka sai an rubuta shi da inda aka same shi, jami'in ya sa hannu, shaidu su sa hannu, a ba ka kwafi. Kar ka yarda da "kuɗi" kawai, a ƙirga a gaban kowa a rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi. Waya a rubuta samfurinta da launinta, in da hali har lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar. Babur ko mota, lambar rajista da lambar inji. Sarƙar gwal, a rubuta gwal ce, don kar gobe a miƙo maka ta roba a ce ita aka ɗauka. In an rubuta abin da ba ka yarda daga gidanka ya fito ba, ka faɗa nan take kowa ya ji, kuma ka rubuta a gefen sa hannunka cewa ba ka yarda da lamba kaza ba. Farar takarda kuwa da za a ce sa hannu za mu cike a ofis, ko kusa.

Su ma ka sani in suna neman talabijin ɗin sata suka ci karo da bindiga ba lasisi ko ƙwaya, za su ɗauka, ba za ka ce ai ba ta cikin waranti ba.

Yaushe suke iya shiga ba takarda

Akwai. In suna bin wanda suke da ikon kamawa ya faɗa gidanka, ko suna da dalilin gaskata yana ciki, sashe na 12 ya wajabta maka ka ba su hanya, in ka ƙi su fasa. Amma mutum suka zo nema, mutum kuma ba ya shiga cikin jakar hannun matarka ko durowar madubi. Dokar NDLEA ma ta ba jami'anta ikon shiga su bincika ba waranti in suna da dalilin zaton akwai ƙwaya. Sai babbar ƙofar da mu da kanmu muke buɗewa, wato yarda. In aka ce "za mu ɗan duba" ka ce bismillah, shikenan ka ba da izini, gobe ba ka da bakin cewa an keta maka haddi. In ba takarda kuma ba ka yarda ba, kalmar ita ce, "Yallabai ban amince ba, amma ba zan hana ku ba." Ka maimaita ta a gaban mutane ka koma gefe. Mai bindiga ba abokin kokawa ba ne, rigimar a kan takarda za a yi ta daga baya kuma sai kana da rai za ka yi.

'Yan banga da 'yan sintirin unguwa, duk da amfanin da suke yi, ba su da ikon fasa gidan mutum su yi caje don kansu. Iyakarsu irin na kowane ɗan ƙasa ne, su kama wanda ya yi laifi a gabansu ko suke da ƙwaƙƙwaran zargi a kansa su miƙa wa 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba.

A kan hanya

Nan ikonsu ya fi faɗi, ba sa buƙatar waranti kafin su tsayar da kai ko motarka, sashe na 49 na dokar 'yan sanda ya ba su dama in akwai dalili mai ma'ana na zargin kana ɗauke da kayan sata ko haramtaccen abu. Sharaɗin shi ne jami'in ya kasance cikin kaki ko da katin shaida a bayyane, ya faɗa maka sunansa da ofishinsa da abin da yake nema da dalilin zarginsa kafin ya fara. Sashe na 54 kuma, wanda ya kamata kowane saurayi ya haddace, ya ce launin fata da shekaru da irin aski da irin sutura ba dalilin zargi ba ne, haka ma kallon da ake wa wasu mutane cewa ai irinsu ne masu laifi. Wato tara suma ko gemu ko ɗangalallen wando ko kasancewarka Bafulatani da sanda ba hujja ba ce a doka, ko da yake mun san yadda ake yi a shinge.

In an tsayar da kai ka faka, in dare ne ka kunna fitilar ciki, hannunka a kan sitiyari. Ka miƙa lasisi da takardun mota. In za a duba but kai za ka fita ka buɗe ka tsaya a kai, ka kulle ƙofofin gaba ko ka bar wani a ciki yana kallo, a gama da but tukunna a dawo cikin mota. Caje a bainar jama'a iyakarsa saman tufafi, in za a wuce haka sai a keɓe, kuma jinsi ɗaya. Direbobin haya, kayan da aka ba ku saƙo a tasha ku buɗe a gaban mai shi ku rubuta lambarsa, don ranar da aka samu wani abu a ciki ku za a fara riƙewa.

Waya

Wannan ita ce rigimar kullum. "Kawo wayarka, buɗe ta." Sashe na 37 na kundi ya ambaci maganar waya da wasiƙu da sunansu, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 a sashe na 45 ta nuna hanyar da ake bi, jami'i ya je gaban alƙali ya nemi waranti na binciken na'ura. Ita kanta rundunar ta hana, ranar 4 ga Oktoba 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya fitar da umarnin hana binciken wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai a hanya, mako guda kafin a rusa SARS, kuma waɗanda suka biyo bayansa sun sha maimaitawa. Saboda haka ka ce, "Oga akwai hotunan iyalina a ciki, in akwai ƙorafi a kaina mu je ofis." Sau da yawa jin kalmar ofis kaɗai ya isa, don mai neman na goro ba ya son zuwa inda za a rubuta. In an fizge kar ka fizgo, ka lura da sunan da ke ƙirjinsa da lambar motarsu da wurin da lokacin. In aka tilasta maka tura kuɗi ko aka kai ka wajen mai POS, kar ka goge alat ɗin, sunan asusun da ya karɓa shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi.

In kama ka aka yi bisa zargin laifi, lissafin ya ɗan canza, suna iya karɓar wayar su ajiye a matsayin kayan shaida, amma ta shiga takardar kayan da sashe na 10 na ACJA ya ce a rubuta a ba ka kwafi ko a ba lauyanka. Kana da haƙƙin yin shiru har sai ka ga lauya ko wani da ka zaɓa, sashe na 35 na kundi kenan, kuma a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Ba a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ba a kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, beli kyauta ne a rubuce, mace ma tana iya tsayawa mutum beli.

Bayan sun tafi

A daren, kafin ka gyara komai, ka ɗauki hoton ƙofar da aka fasa da yadda aka bar ɗakunan. Ka zauna da shaidunka ku rubuta abin da ya faru, ƙarfe nawa, mutum nawa, me aka ce, me aka ɗauka, kowa ya sa hannu da kwanan wata, don bayan wata shida kowa labarinsa zai bambanta. In an doki wani a je asibitin gwamnati a karɓo rahoton likita, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25.

Karɓo kaya kuma a rubuce ake nema. Ka rubuta wa DPO takarda ka haɗa da kwafin jerin kayan da rasit in kana da shi, ka yi kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. Doka ta yarda a sakar wa mai kaya kayansa bisa sharaɗin zai kawo in an nema, in kuma an sake ka ba a kai ka kotu ba dole a mayar maka da duk abin da ba shi da alaƙa da laifi. In an yi shiru sai ka hau sama, kwamandan yanki, kwamishinan 'yan sanda na jiha, sashen karɓar ƙorafi na CRU da aka kafa a 2015, Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa da ke da ofisoshi a jihohi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid, aikinsu kenan.

Hanya ta ƙarshe ita ce babbar kotu, ta jiha ko ta tarayya, ƙarƙashin sashe na 46 na kundin tsarin mulki da ƙa'idojin neman haƙƙi na 2009. Ba ta da wa'adin da za a ce ka makara, wani ma zai iya shigar da ƙarar a madadin wanda ke tsare, kuma kotu na iya ba da umarnin a dawo da kaya a biya diyya, in har da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, a nemi afuwa a bainar jama'a. Irin wannan ƙarar yawanci da takardar rantsuwa ake yin ta ba da dogon kiran shaidu ba, shi ya sa in ka shiga ofishin lauya abin da zai fara tambayarka shi ne su wa suka gani, kuma ina kwafin takardar kayan.